Risala a kan Saiwoyin Itatuwa da Abin da ke Cikinsu na Maganin Makero da Ƙazuwa da Kyasbi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Amma bayan haka, wannan risala ce a kan saiwoyin da mutane ke haƙowa domin cututtukan fata, da sinadarin da ke cikin kowace, da iyakar inda ƙarfinta ke tsayawa. Dalilin rubuta ta shi ne abin da ido ke gani a makarantun allo na ƙetaren kogin Kaduna, wato Kakuri da Makera da Nasarawa da abin da ke maƙwabtaka da su. Waɗannan unguwanni sun cika tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo bayanta, aka gina ɗakuna ƙanana a manne da juna domin ma'aikata. Manyan masaƙun sun rufe, cunkoso bai tafi ba. Ga damina mai tsawo daga Afrilu ko Mayu har Oktoba, ga yara suna kwana da yawa bisa tabarma ɗaya, ga aska ɗaya tana bin kawuna da yawa. Babu abin da makero da ƙazuwa ke so kamar wannan.

Fasali a kan sanin cutar kafin a nemi saiwa

Ka sani, ya kai ɗalibi, waɗannan cututtuka uku ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake dukansu a fata suke. Kowace tana da mai haddasa ta, mai rai ne, kuma kowane yana da wurin da yake zama. Wanda bai san mazaunin ba, bai san ko maganinsa zai kai ba.

Kyasbi shi ne mafi sauƙi. Asalinsa wata irin fumfuna ce mai zama a saman fatar kowane baligi, tana cin maiƙon jiki. Idan zafi da gumi suka yi yawa sai ta yaɗu, ta bar tabo fari-fari mai ɗan gari a ƙirji da baya da wuya. Mazauninta can sama ne, abin shafawa yana riskar ta. Sai dai launin fata ba ya komowa sai bayan watanni ko da fumfunar ta mutu, wannan ne ke sa mutum ya yi ta canza magani alhali na farko ya riga ya yi aiki.

Makero ma fumfuna ne, amma mai cin gashi da farce da busasshiyar fata. Daga cikin likitocin da suka fara siffanta fumfunar makeron kai da madubi mai girmama ƙananan abubuwa akwai David Gruby a birnin Faris, tsakanin 1841 da 1844. Wani nau'in da ya yawaita a ƙasashenmu kuwa likitan Faransa mai suna Joyeux ya siffanta shi a 1912, ya sa masa suna mai jingina shi ga Sudan. Idan makero a jiki yake, zobe ne mai faɗaɗa, bakinsa a tashe, tsakiyarsa tana warkewa, kuma shafi yana iya kai masa. Idan a kai yake, hukuncinsa dabam: fumfunar tana bin ramin gashi ta nutse, ta shiga cikin silin gashin kansa, shi ya sa gashin ke karyewa daga tushe. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ƙazuwa kuwa ba fumfuna ba ce, ƙwaro ne, ɗan'uwan kaska, girmansa bai kai rabin milimita ba. Ɗabibin Andalus Ibn Zuhr, wanda ya rasu a 557 ta Hijira, wato 1162, ya ambaci wata ƙaramar halitta mai tafiya ƙarƙashin fata a cikin littafinsa Attaisir, sa'an nan wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka tabbatar a 1687 cewa ita ce sanadin cutar. Macen tana haƙa rami cikin fata, tana ajiye ƙwai 2 ko 3 kullum, su ƙyanƙyashe cikin kwana 3 ko 4, su balaga cikin kamar mako biyu. Abin mamaki, a jikin mai ƙazuwa ba su cika wuce 10 ko 15 ba. Ƙaiƙayin nan mai hana barci da dare jiki ne ke faɗa da ƙwaron da kashinsa da ƙwansa. Ga wanda ya kamu karon farko, ƙaiƙayi ba ya farawa sai bayan mako 4 zuwa 6, kuma a duk wannan lokaci yana ba waninsa. Ana ganin ta a tsakanin yatsu da wuyan hannu da hammata da cibiya da al'aura. Tsohuwar masifa ce: masu karatun hadisi sun san rangwamen sa alhariri da aka yi wa Zubairu da Abdurrahman ɗan Aufu saboda ƙaiƙayi.

Fasali a kan abin da ke cikin saiwa

Idan aka ce, me ya sa saiwa ta fi ganye ɗaci da ƙarfi a itatuwa da yawa? Sai mu ce, domin saiwa tana kwance cikin ƙasa mai damshi, tsakanin fumfuna da tsutsa da gara, ba ta da hanyar gudu. Sai aka sanya mata abin kare kai, galibinsa a cikin ɓawonta. Abin da mai magani ke nema dafin da itace ke tsare kansa da shi ne, kuma dafi ba ya bambanta fatar yaro da jikin tsutsa sai da gwargwado.

Mu fara da uwar magunguna, wadda wasu ke kira sanya. Kanƙare saiwarta ɗanya, ka shaƙa, za ka ji ƙamshi mai kaifi irin na man zafi da ake shafa wa mai ciwon gaɓɓai. Ba kama kaɗai ba ce, sinadarin ɗaya ne, sunansa metil salisilet, ɗan'uwan asfirin. Tare da shi akwai sinadarai masu kumfa kamar sabulu, ana kiransu safonin, suna huda bangon ƙwayoyin halitta. An jarraba garin wannan saiwa a cikin hatsin rumbu a arewacin Gana, aka ga yana kashe ƙwarin hatsi. Amma metil salisilet mai tashi ne cikin iska, saboda haka saiwar da ta daɗe a shimfiɗe a rana a kasuwa har ƙamshinta ya gushe ta rasa babban rabo. Kuma yana ratsa fata, musamman wadda aka sosa ta yi rauni. Cokalin shayi ɗaya na tsantsar mansa daidai yake da ƙwayar asfirin fiye da 20, yana iya kashe ƙaramin yaro in ya sha. Saiwar kanta an san ta da kisa idan aka yawaita sha ko aka cusa. Ni ban yarda a shafa ta bisa jikin yaro mai gyambo ba.

Sa'an nan magimfa, wadda masunta ke dakawa su zuba a tafki kifi ya taso. Abin da ke cikinta dangin rotenon ne, mai toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke amfani da iska, shi ya sa kifi ke shaƙewa yana cikin ruwa. Rotenon na ainihi daga saiwoyi ake fitar da shi, saiwar deris ta ƙasar Malaya da wasu irinta a Peru da Barazil, kuma likitoci sun yi aiki da shi ga ƙazuwa da ƙwarƙwata kafin a sami abin da ya fi shi. A magimfa kuwa ganye ya fi saiwa ƙarfi. Akwai fa'ida a nan wadda ya kamata mai sayen saiwa ya ji: a 2012 masu bincike a Malawi suka gano magimfa iri biyu ce, kamanninsu ɗaya a ido, ɗaya tana da wannan sinadari, ɗayar ba ta da shi ko kaɗan. To, mutum biyu na iya yin gardama, wannan ya ce mujarrabi ne, wancan ya ce banza ne, kuma kowannensu ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. A shekarar 2000 kuma aka nuna rotenon yana sa wa ɓeraye irin ciwon makyarkyata da ake kira Fakinsan, wannan na cikin abin da ya sa aka ja baya da shi.

Akwai saiwar da littattafan Larabawa ke kira shaiɗaraj, Ibn Baiɗar, wanda ya rasu a 646 ta Hijira, wato 1248, ya kawo ta cikin Aljami'u, inda ya tara magunguna da abinci wajen 1,400. A cikin nau'inta na Hindu akwai sinadari rawaya mai suna filumbajin, kuma a 1995 an fitar da irinsa daga saiwar kanya tamu. A ɗakin gwaji yana kashe fumfuna da ƙwayoyin cuta da ƙaramin gwargwado. A fata kuwa wuta ne: yana ta da bororo, yana barin baƙin tabo. Mutane na ganin fata ta saluɓe su ce cuta ce ta fito, alhali ƙuna ce.

Mafi dacewa da makeron jiki su ne dangin rai ɗore da tafasa da marga. Saiwoyinsu suna ɗauke da sinadarai masu launin rawaya da ja, daga cikinsu akwai emodin da kirisofanol. Danginsu ne filasko, wato sana, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya keɓe mata risala, sai dai shi a kan wanke ciki ya yi magana. Wannan kirisofanol yana da tarihi. Wani gari da ake samu cikin kututturen wata itaciya ta Barazil, ana kai shi Hindu ta tashar Gowa, mutanen can sun daɗe suna shafa shi ga makero. A 1876 likitan Ingila Balmanno Squire ya shigar da shi aikin asibiti, sinadarinsa kuwa ɗan'uwan kirisofanol ne na kusa. A 1916 aka haɗa kwatankwacinsa a Jamus, sunansa ditiranol, har yau ana aiki da shi ga wata cutar fata mai saɓa. Saboda haka tsohuwar da ta niƙa saiwar tafasa ta shafa wa zoben makero ba ta yi wauta ba. Illarsa ita ce yana rina fata da tufa, yana sa zogi, kuma ba a kusantar da shi ga ido.

Baushe da marke aikinsu wani ne. Ɓawon saiwarsu cike yake da tanin, abin nan mai ɗaure baki, shi ne kuma ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Yadda yake ƙanƙame fatar akuya ta ƙi ruɓa, haka yake ƙanƙame saman rauni ya busar da ruwansa, kuma an ga tsimin baushe yana hana fumfunar makero tsiro a ɗakin gwaji. Wankin gyambo da shi ya fi waɗanda suka gabata sauƙin haɗari.

Gangamau kuwa, wanda ake kira kurkum, shi ne aka fi jarrabawa a jikin mutane. A 1992 aka ba da labarin gwaji a Hindu, an shafa wa mutum 814 masu ƙazuwa haɗin gangamau da ganyen dogon yaro, aka ce 97 cikin 100 sun warke tsakanin kwana 3 da 15. Adadi ne mai daɗin ji, amma ba a ajiye wata ƙungiya a gefe an ba ta wani magani domin a gwada ba, saboda haka hujjar ba ta cika ba.

Faɗakarwa: yawancin abin da ake rubutawa a jami'o'i, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya inda aka yi aiki mai yawa kan itatuwanmu, gwaji ne a cikin faranti. Ana jiƙa saiwa da ruwan sinadari mai ƙarfin tatsa, a ɗiga bisa fumfuna tsirara. Mai tafasa saiwa a tukunya ba lalle ya fitar da abin da suka fitar ba. Tanin da safonin suna narkewa a ruwa, rotenon da kirisofanol kuwa ba sa son ruwa, sun fi bin mai. Wannan ne hikimar masu haɗa garin saiwa da man kaɗe. Kuma ƙarfin saiwa yana sauyawa da ƙasa da lokacin haƙa da shekarun itace, babu mudun da zai auna shi a kasuwa.

Fasali a kan inda saiwa ba ta kaiwa

Yanzu mu koma ga makeron kai, domin shi ne ya fi damun almajirai. Mun ce fumfunar tana cikin gashi, ƙarƙashin fata. To, duk abin da aka shafa, saiwa ce ko man bature, a sama yake tsayawa. Yana iya share garin da ke kai ya rage yaɗuwa, amma tushen na nan, bayan makonni sai ya komo. Maganinsa sai na sha, wanda jini zai kai shi tushen gashi, sabon gashi ya tsiro da shi a ciki. Na farkon irinsa shi ne girisiyofulbin, kuma abin lura, daga wata fumfuna aka samo shi a 1939, sa'an nan Gentles ya nuna a Gilasgo a 1958 cewa shan sa yana warkar da makero. Ana shan sa mako 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo kamar gyaɗa ko madara domin hanji ya karɓe shi, gwargwadon nauyin yaro bisa faɗin likita, kuma ba a ba mai ciki. Akwai tabinafin, ana shan sa kamar mako 4.

Idan aka ce, ai mun ga yara da yawa an shafa musu saiwa sun rabu da shi. Sai mu ce, makeron kai cutar ƙuruciya ce. Idan yaro ya balaga maiƙon kansa yana sauyawa ya zama fumfunar ba ta jin daɗinsa, sai galibi ta gushe da kanta, abin da aka shafa a ƙarshe kuwa ya sami yabo. Jiran balaga yana da hasara. Wani kan yana kumbura ya yi taushi kamar rubabben gwanda, yana tsatsar ruwa, a zaci maruru ne a tsaga. Wannan faɗan jiki ne da fumfuna, in aka yi jinkiri ramukan gashi suna mutuwa, wurin ya zama sanƙo har abada. Na ga yaro da aka ɗaura wa irin wannan kumburi saiwa mai ƙuna, ya warke daga baya da maganin sha, amma faɗin tafin hannu na kansa bai sake fitar da gashi ba.

Ƙwayar makero tana rayuwa watanni a jikin mataji da hula da kilifa. Malamin da ya sa kowane yaro ya riƙe rezarsa da hularsa, ya sa wanzami ya wanke kayansa tsakanin kai da kai, ya yi abin da saiwa goma ba su yi ba.

Ƙazuwa kuma matsalarta ba ta ƙarfin magani ba ce kaɗai. A ce ka sami saiwar da ke kashe ƙwaron sarai, ka shafa wa yaron da ke susa. Na kusa da shi a tabarma yana ɗauke da ita, bai fara ƙaiƙayi ba tukuna, bayan wata guda zai mayar masa. Sharaɗin warkewa shi ne a yi wa duk masu kwana wuri ɗaya magani a rana ɗaya, mai susa da marar susa, a shafe jiki duka daga wuya har tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, ba inda ƙuraje suke kaɗai ba, sa'an nan a maimaita bayan mako guda saboda ƙwan da ya ƙyanƙyashe. Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 ko 3 in ya rabu da jiki, saboda haka tufafi da barguna a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa kamar buzu a ƙulle shi a leda mako guda. Magungunan da aka tabbatar su ne fametirin mai 5 cikin 100, da benzil benzowet wanda ake sirka wa yara, da man farar wuta wanda kakanninmu suka sani, da ƙwayar aibamektin, wadda ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Biyun farko ma daga itatuwa aka koyo su: fametirin an kwaikwayi dafin wata fure ce, benzil benzowet kuwa yana cikin ƙaron wata itaciya ta Amurka ta Tsakiya. Ƙaiƙayi yana iya saura mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, kada a ce magani bai ci ba.

Kada ka raina ta, ya ɗan'uwa. Susa tana buɗe ƙofa ga wata ƙwayar cuta mai sa gyambo, ita kuwa a wasu yara tana taɓa ƙoda bayan makonni. Yaron da ya yi ƙazuwa mai ruwa, sa'an nan fuskarsa ta kumbura da safe, fitsarinsa ya yi ja ko ya yi kamar ruwan shayi, a kai shi asibiti a ranar, ga Asibitin Gwamna Awan nan a Kakuri. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta kuma ƙiyasta masu ɗauke da ita a kowane lokaci sun kai miliyan 200.

Haka nan a kiyayi man kanti da ake sayarwa da sunan mai aiki uku. A cikin yawancinsa akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu, amma yana raunana tsaron fata, makero ya bazu a ɓoye, ƙazuwa ta yi kauri.

Mas'ala ta ƙarshe ita ce farin tabo da ba kyasbi ba. Idan tabo ya yi haske ko ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gari, ba ya gumi, to a jarraba shi kafin a shafa masa kome. A sa mai shi ya rufe ido, a taɓa lafiyayyar fata da zaren auduga ya nuna wurin, sa'an nan a taɓa tsakiyar tabon. Idan bai ji ba, ana tsoron farkon kuturta ne. Saiwa mai ƙuna a nan ta fi ko'ina ɓarna, domin tana ɓata tabon da likita zai gane cutar da shi, jijiyoyi kuwa suna ci gaba da mutuwa, abin da ya mutu daga cikinsu ba ya komowa. Maganinta haɗin ƙwayoyi ne na wata 6 ko 12, kyauta ake ba da shi tun 1995, kuma cibiyar horarwa ta ƙasa a kan tarin fuka da kuturta tana Saye, kusa da Zariya.

Wanda zai haƙa saiwa da kansa, ya ɗebi ta gefe ɗaya, ya bar uwar, ya mayar da ƙasa ya danne. Uwar magunguna ba ta saurin girma, dashenta yana da wuya, kuma ta yi ƙaranci a wurare da yawa saboda masu tumɓuke ta gaba ɗaya. Abin da ya haƙo ya shanya shi a inuwa, ya fara gwada ɗan kaɗan a cikin dantsen babba ya kwana, in wurin ya yi ja ko bororo kada ya kai shi jikin yaro.

Tammat.